Muryar Yayata a Tashar Jirgi

Yayata ta yi shekara goma sha huɗu tana aikin sanarwa a tashar jirgin ƙasa. Idan ka taɓa tsayawa a wurin da jaka a hannu, ka ji wata mata daga lasifika tana cewa jirgi zai makara, a yi haƙuri, to ita ce. Da wannan muryar ta riƙe ni bayan rasuwar mahaifiyarmu, da ita ta yi mini makaranta. Ofishinta ɗan ɗaki ne a saman bene: tebur ɗaya, kujera mai juyawa, makirufo da aka ɗaure wuyansa da salatif, sai taga mai kallon layukan jirgi huɗu. Matattakalar ta bayan gini take, saboda haka ma'aikatan da ke ƙasa sukan yi wata guda ba su ga fuskarta ba. Murya kawai suke ce mata.

Haƙoran da suka kayar da ita su ne turamen can ƙurya, waɗanda ba sa fitowa sai mutum ya girma. Nata na ƙasa a kwance suka fito, suna tokare da na kusa da su. Shekara biyu tana fama, yau kanumfari, gobe ƙwayar kashe zafi, ba ta yarda ta yi fashin aiki ba. Tana da dalilinta. An riga an sallami masu sanarwa a tashoshi biyu na kusa, an sa na'ura a madadinsu. Tasharsu ma an kawo irinta, amma tana cikin kwali a ofishin Manaja, don muryar da ta zo da ita ba wanda ke gane abin da take faɗa. Sai da kuncin Yaya ya kumbura har magana ta fara gagararta, sannan ta bi ni wurin likitan haƙori. Ya ɗauki hoto, ya nuna mata, ya ce duka huɗun za a cire, kuma sai ta huta kwana biyar.

Manaja mutum ne mai fara'a, kullum haƙora a waje. Da ta kai masa takardar likita, har ruwa ya ba ta. Ya ce kada ta damu, lafiya uwar jiki. Roƙonsa ɗaya ne, idan kumburin ya saɓe, ta ɗan naɗa musu muryarta a na'urar, su lallaɓa da ita na kwana biyar ɗin.

Na ce mata, "Yaya, kar ki ba su. Gemun ɗan'uwanki ya kama wuta, ke kuma maimakon ki shafa wa naki ruwa, fetur za ki zuba?"

Ta ce, "Ke dai Auta kin cika zargi. Kwana biyar fa! So kike fasinja su tsaya kamar tumaki, ba mai gaya musu inda za su nufa?"

"Haƙorin dariya shi ke cizo, Yaya."

"To ai shi ya sa za a cire nawa," in ji ta, ta yi dariya tana dafe da kunci.

Injiniyan da ya zo haɗa na'urar ya ce jimla ashirin ta isa. Nan halin Yaya ya motsa, don ba ta iya aiki rabi-rabi ba. Ta tambaye shi, idan yaro ya ɓata fa? Idan aka sauya wa jirgi layi ana saura minti biyu? Idan wani ya manta jaka? Yini uku tana zama bayan an tashi aiki. Ta karanta sunan kowace tasha, ta ƙirga ɗaya zuwa sittin saboda mintoci. Kowace lamba kuma sau biyu ta faɗe ta, ɗaya ta tsakiyar magana, ɗaya ta ƙarshe inda murya ke sauka, domin in an harhaɗa kada a ji gaɓa. Injiniyan bai ma san ana haka ba, ita ta koya masa. Ba da haƙuri kaɗai kala uku ta naɗa: na jinkirin minti goma, na awa guda, da na jirgin da ba zai zo ba sam. Ta dawo gida tana ba ni labari cike da alfahari, ni kuwa takaici ya ishe ni.

Ranar cirewa ina zaune a bakin ƙofa ina jin ƙarar injin likita. Na sama biyun ba su ba da wahala ba. Na ƙasa na hagu sai da aka tsaga dasashi, aka fasa shi gida uku, aka yi ɗinki. Ta fito da auduga cike da baki, ido jawur. Likita ya ja mana kunne: ƙanƙara a kunci, abinci mai laushi mai sanyi, ba tofar da yawu, ba kurkurar baki da ƙarfi, magana kuma a rage. Ya ce jinin da ya daskare a ramin shi ne murfin ciwon, idan ya fita za a ji jiki.

A rana ta uku na shigo da yogot, na same ta gaban madubi tana gwada sanarwa, wai kada harshe ya yi nauyi. Da ta ji ɗanɗanon jini sai ta kurkure baki sosai ta tofar. Washegari ciwo ya taso daga muƙamuƙi har cikin kunne. Matar da ban taɓa ganin hawayenta ba, sai ga ta tana birgima a kan gado. Muka koma, likita ya wanke ramin, ya cusa magani, ya yi mana faɗa. Bakinta ya ƙi buɗuwa fiye da faɗin yatsa biyu. Gefen leɓenta na hagu kuma ya mutu, idan tana shan shayi sai ya zubo mata a haɓa ba ta sani ba. Kwana biyar ya zama mako uku.

Abin da ya fi cin ranta a lokacin ba ciwon ba ne. Ta sa na share falo, na sayo lemo na ajiye saboda 'yan dubiya daga tasha. Ko ƙafa ɗaya ba ta tako ba. Manaja ne kawai ya bugo waya sau ɗaya, ya ce ta kwantar da hankalinta, komai na tafiya daidai. Ta ji daɗin maganar har tana sa masa albarka. Ni kuwa maganar ba ta kwanta mini ba.

Ranar da za ta koma na raka ta, don har yanzu jiri na ɗibarta. Muka hau bene, muka tarar an fitar da kujerar, na'ura na kan tebur tana ƙyafta wuta. Manaja ya tarbe mu da fara'arsa, ya miƙa mata wasiƙar sallama. Ya ce umarni ne daga sama, ba yadda ya iya. Ya ƙara da cewa ta yi aikin da za a daɗe ana yabo, har wasu tashoshin sun nemi a ba su muryar. Na buɗe baki zan wanke shi tas, ta riƙe hannuna.

Muka sauko, muka zagayo ta gaba, ta cikin fasinjoji. Baba mai shara, tsohon da ya riga kowa fara aiki a tashar, ya hango ta ya jingine tsintsiya.

"A'a, Murya! Yau an sauko ƙasa ke nan?"

Ta gaishe shi, maganarta na fita a karkace. Sannan ta ce, "Baba, har da kai? Mako uku ina kwance, ko dubiya?"

"Dubiyar wa?"

"Tawa mana."

Ya dube ta, ya ga ramar da ta yi, ya ga leɓen. "Subhanallahi! 'Yata, yaushe? Ai ko da safen nan na ji ki. Wallahi kullum muna jin ki, ba wanda ya san ba kya nan."

Bai rufe baki ba lasifika ta yi ƙara a samanmu. Muryar Yaya ta cika tashar, garau, a natse, tana sanar da cewa jirgin ƙarfe goma da minti ashirin da biyar zai makara, a yi haƙuri. Fasinjoji suka koma suka zauna. Na ja hannunta mu tafi, ta ƙi motsawa, ta saurara har ƙarshe.

Ta goge haɓarta da bakin mayafi, ta ce, "Da na sani, da na bar musu ko kuskure ɗaya ne a cikin na'urar, Auta."