Orval Mai Fito da Tafkin Sanata

A ƙauyen Cold Ford, can cikin kwarin duwatsun gabashin jihar Kentucky, duk wanda zai ƙetare kogi sai ya ƙwala wa Orval Stidham kira. Jirgin fito ya gada daga mahaifinsa, wani faffaɗan katako mai ɗaukar keken doki guda, ana jan sa da igiyar ƙarfe daga wannan gaɓa zuwa waccan. Mutum ne dogo, marar yawan magana, kullum da taba a kumatu. Shi da matarsa Zelphia suna noman masara da taba a bayan gida. 'Ya ɗaya Allah ya ba su, Wilma, ita ma tari ya ɗauke ta tun ba ta iya tafiya ba. Suka binne ta a gangaren bayan coci, suka kafa dutsen kogi a kanta, don ba su da halin sassaƙa suna.

Wata shekara da kogi ya cika ya batse, wani matashin lauya mai suna Lucius Hambrick ya iso gaɓa, takalminsa duk taɓo. Takarar majalisar wakilai yake yi, kuma ana jiran sa a taro a ƙetare.

Orval ya ce, "Yallaɓai, yau ko kifi ba ya son ruwan nan."

Lauyan ya ce, "To ni ba kifi ba ne, ɗan takara ne. Mun fi kifi rashin hankali."

Orval ya yi dariya, ya kwance igiya. Da ƙyar suka kai. Daga ranar ya zama ɗan gani-kashe-nin Hambrick. Duk wanda ya hau jirginsa sai ya sha wa'azin zaɓe kafin a kai tsakiyar ruwa. Hambrick ya ci, ya sake ci, daga baya ya haye majalisar dattawa a Washington. Sunansa ya kai ko'ina. Idan zai yi jawabi a rediyo, mutane kan taru a kantin Doyle su saurara, Orval a gaba, yana gyaɗa kai kamar da shi aka rubuta.

Bayan yaƙin duniya na biyu sai ga wasu mutane da na'urar awo suna kakkafa turaku a gonaki. Aka ce madatsar ruwa za a gina, don garuruwan da ke ƙasan kogi su huta da ambaliya, a kuma samu lantarki. Kwarin gaba ɗaya zai koma tafki.

Doyle mai kanti ya ce, "To, na hannun daman Sanata, me ka ce?"

Orval ya ce, "Ku kwantar da hankalinku. Muddin yana kan kujerar nan, ko kajinmu ba za su jiƙe ba."

Mutane suka yarda da shi. Wasu da suka so kai ƙara suka fasa.

Ranar da Sanata ya zo babban garin gunduma, Orval ya sa rigarsa ta zuwa coci, ya tsaya a ƙofar kotu har Sanata ya fito. Sanata bai manta shi ba. Ya kama hannunsa da hannu biyu, ya tambayi lafiyar Zelphia da sunanta.

Orval ya ce, "Ranka ya daɗe, cewa suke da kai aka yi maganar dam ɗin nan. Na ce ƙarya ne."

Sanata ya ce, "Ni na kawo ta, Orval. Bara ruwa ya ci mutane a garuruwan ƙasan kogi, har da yara. Kentucky nake wakilta duka, ba kwarinku kaɗai ba. Ba zan yi maka ƙarya ba."

Orval ya ce, "Allah ya taimake ka," ya sa hularsa ya juya.

Ya dawo ƙauye ya faɗi abin da ya ji, bai rage ba. Daga nan aka daina yi masa magana. Ana hawa jirginsa a juya masa baya. Ranar Lahadi bencin da suke zama a coci ya zama nasu su biyu.

Da aka zo kwashe kaburbura zuwa kan tudu, ba wanda ya yarda ya karɓi aikin sai shi, don yana so ya ɗauko Wilma da hannunsa. Ya tono iyayen mutanen da suka daina gaishe shi, ya sa ƙasusuwan a sababbin akwatuna, ya jera a keken doki. Amma da ya zo gangaren bayan coci sai ya tarar ruwan shekaru ya zaizaye wurin, duwatsun sun gangara sun cakuɗe. Ya tona nan, ya tona can. Zelphia tana tsaye a kansa tana nuni.

"A'a, kusa da itacen nan ne. Orval, na ce maka kusa da itacen!"

"Na tona nan jiya, Zelphia."

"To sake tonawa."

Ya sake. Bai samu komai ba sai jar ƙasa. Har aka rufe ƙofar dam, ruwa ya fara hawa gonaki, yana tono. Ranar ƙarshe sai da ma'aikata biyu suka ɗauke Zelphia daga gangaren, tana ta dukan su.

Suka bi ayarin masu neman aiki zuwa Dayton a jihar Ohio. Orval ya shiga masana'antar firji, suka kama ɗaki a bene na uku. Zelphia ba ta sake shuka ko da albasa ba. Takan dafa wake da burodin masara ta ajiye masa, ta koma bakin taga. Maganarta ta yi ta raguwa har ta ƙare. Da ta rasu ya kai ta sabuwar maƙabartar kan tudu, inda ake hango tafkin. A lokacin an riga an raɗa wa tafkin sunan Hambrick.

Bai koma Ohio ba. Ya samu aiki wurin wani mai ba da hayar kwale-kwale ga masunta 'yan hutu, yana kwana a rumfar bayan shagon. Yana wanke jirage, yana sayar da tanar da ake sa wa ƙugiya. Baƙi sukan tambaye shi inda kifi ya fi yawa, ya nuna musu ko'ina ban da saitin cocin.

Da Sanata ya rasu, jaridu suka cika da tarihinsa: asibitocin da ya kawo wa jiha, hanyoyi, wutar da ta shiga gidajen talakawa. Duk gaskiya ne, Orval ma bai taɓa musawa ba. Mai shagon ya tambaye shi ko zai je jana'iza, tunda an ce sun san juna.

Ya ce, "Na taɓa ƙetarar da shi," ya ci gaba da kwarfe ruwa daga kwale-kwale.

Shi ma bai daɗe ba. Cikin hunturu, lokacin da shagon ke rufe, sanyi ya kama masa ƙirji. Sai da mai shagon ya zo duba jirage ya sami gawarsa. Hukumar gunduma ce ta binne shi, a can gefen katanga, don wurin da ke kusa da Zelphia an riga an ba wani.