Kawu Ɗanlami da Awon Leda

Duk wanda ya san Kawu Ɗanlami ya san shi da tef ɗin awo rataye a wuya. Da shi yake zuwa masallaci, da shi yake zuwa ɗaurin aure. Wata mata ta taɓa tare shi a Unguwa Uku ta miƙa masa atamfa, wai ɗinkin salla take so. Alhali Kawu ko maɓalli bai iya ɗorawa ba! Aikinsa shi ne tsara zanen leda da buhu kafin a kai wa injin bugu, a wata 'yar maɗaba'a da ke Gyadi-Gyadi. Ni 'yar ƙanwarsa ce, don haka na sha shi fiye da yawancinku.

Da takarda da reza da rula ya fara sana'ar. Ranar da mai maɗaba'ar ya sauke kwamfuta, ya ce duk wanda ba zai iya da ita ba ya je gida ya huta, kowa Kawu ya kalla, don a lokacin ya haura hamsin. Ya gyara hula ya ce, "Ni da wannan akwatin, sai ɗaya ya gaji." Wata uku yana fama. Da hannu biyu yake riƙe linzamin kwamfutar, har da cije leɓe. Sai da ya iya. Aka nuna masa cewa manhajar da kanta take sa awo: ka danna wannan kusurwa, ka danna waccan, sai layi mai kibiya ya fito da lambarsa a kai. Ya danna, ta rubuta santimita talatin. Kawai sai ya zaro tef ya ɗora a kan gilashin kwamfutar.

"Na kama ta! Sha tara ne! Wallahi ƙarya take yi!"

Mai maɗaba'ar ya ce, "Malam Ɗanlami, ai rage hoton ta yi don ya shiga gilashin."

"Wa ya sa ta?"

Bai yarda ba sai da aka buga zanen a takarda ya auna, talatin cif. Ya daɗe yana kallon takardar, sannan ya ce, "To, yau dai ta faɗi gaskiya. Ma ga gobe." Haka ya ci gaba da yi mata har ƙarshen aikinsa. Kowane zane sai ya buga ya auna da hannunsa.

Da na fara sana'ar garin ɗanwake na je masa da murnata, ni ga mai kawu a maɗaba'a.

"Kawu, leda nake so ka zana min."

"Tsawo nawa, faɗi nawa?"

"Daidai misali dai."

"Binta, na duba tef ɗin nan ciki da baya, ban ga inda aka rubuta daidai misali ba. Koma ki kawo garin."

Har gida Tarauni fa! Da tsakar rana! Na hau adaidaita na koma ina ƙunƙuni. Da na dawo ya juye garin a farar leda, ya girgiza, ya auna, sannan ya juya kan kwamfuta yana jan layukansa. Kibiya daga sama zuwa ƙasa, kibiya daga gefe zuwa gefe, wata a kan naɗin gefen ledar, kowacce da lambarta. Ya bar fili a bakin ledar ya ce, "Nan ba a rubutu, nan wutar liƙi za ta ci." Ya ce duk layukan nan na masu yanka ne da masu liƙi, a shafi daban suke zama, ana kashe su kafin bugu.

Na ce, "Haba Kawu, ɗanwake ne fa, ba jirgin sama ba."

Ko ɗagowa bai yi ba. "Da ke aka ba wa ƙera jirgi, da tuni ya sauka a kan rufin mutanen Darmanawa."

Sai kuma labarin Alhajin nan mai injin shinkafa na Hotoro, wanda na san wasunku sun ji. Ya zo yana so a sa hotonsa a buhun shinkafarsa, babba, can ƙololuwa. Aiki ne mai tsoka, mai maɗaba'a har rawar jiki yake. Kawu ya ja layukansa ya nuna masa.

"Alhaji, ka ga wannan layin? Nan ake naɗe bakin buhu a ɗinke. Kanka yana sama da shi. Sai dai a sauko da kai."

"A sauko da ni? Sunan shinkafa a samana? Ka bar ni inda na ce."

"Ba zan bar ka ba."

Mai maɗaba'a ya ja Kawu gefe yana roƙo, daga baya har da barazanar sallama. Kawu ya ce a sallame shi, amma hannunsa ba zai fitar da zanen da ya san ɓatacce ne ba. Alhaji ya yi fushi ya kwashi aikinsa ya kai wani wuri. Sati biyu mai maɗaba'a ba ya amsa gaisuwar Kawu, Kawu kuma bai fasa gaishe shi ba, safe da yamma.

Rannan sai ga Alhaji da buhu ɗaya a bayan mota, cikin waɗanda aka buga masa a can. Jama'a! Babbar riga ta fito tas, gemu ya fito, daga hanci zuwa sama kuwa an naɗe an bi da zare. Kowa ya ƙunshe dariya. Kawu ya sa tabarau, ya zagaya buhun a natse, ya ce, "Sannu da zuwa, ranka ya daɗe. Ina ka baro sauran?" Alhaji da kansa ya fara fashewa da dariya. Aka sake zanen, aka sauko da shi ƙasan layi.

Sau ɗaya tak Kawu ya yi kuskure, kuma har ya koma ga Allah ba ya son a tuna masa. Maman Rahila, maƙwabciyata 'yar Filato mai sayar da acca, ni na kai ta wurinsa. Ranar da zai tura aikinta, sai ya manta bai kashe shafin awon ba. Ledoji suka fito da kibiyoyi da lambobi a jikinsu. Kafin ya farga ta ɗure acca ta raba wa shaguna. Kawu ya kasa cin abinci. Ya tasa ni gaba muka je ba ta haƙuri.

Ta ce, "Baba, haƙurin me? Mata sun ji daɗi! Sun ce da layin gefen nan suke gane kofi nawa suka ɗiba. Kar ka cire min."

Na ce shi ke nan, an huta. Ina! Fuskar Kawu ta canza.

"Kofi? Wannan layin naɗi ne! Wa ya ce musu kofi ne? Kawo kofin."

Ya zauna a kan benci a ƙofar shagonta da babbar riga, yana zuba acca kofi-kofi, yana sa alama da biro, yana juyewa yana sakewa. Sai da ya yi sau bakwai. Ya koma ya zana mata layukan kofi na gaskiya a gefen ledar. Da na tsokane shi na ce ashe kuskure ma yana da rana, sai ya harare ni. "Ba kuskure ba ne. Gwaji ne da ban sanar da kowa ba."

Ciwonsa bai yi tsawo ba, kwana tara ne. Abin da ya ba mu mamaki ranar sadakar uku ya faru. Mata suka riƙa shigowa gidan, waɗanda ko a hanya ba mu taɓa gani ba, kowacce da kayan sana'arta a hannu: mai yaji, mai kuka, mai daddawa, mai sabulu. Wata dattijuwa ta zauna kusa da mahaifiyata ta ce leda hamsin kacal take iya bugawa, duk inda ta je korar ta ake yi, wai aikin ya yi kaɗan. Kawu ne ya ba ta kujera, ya yini a kan nata, ya ce mata yajinta ma abinci ne, ba zai fita kasuwa a karkace ba. Ta ce, "Tun da mijina ya rasu ba wanda ya ɗauki sana'ata da daraja sai shi." Mahaifiyata, wadda ta daure tun ranar jana'iza, nan ta rufe fuska da mayafi.

Allah ya jiƙanka, Kawu. Allah ya yafe maka, ya haskaka makwancinka, ya sa aikin da ka tsaya ka gyara wa bayinsa ya tsaya maka ranar da kowa ke neman mai tsaya masa. Mu kuma in tamu ta zo, Allah ya sa mu cika da imani. Amin.