Macijin Cikin Hadassah

Duk wanda ya taɓa bin layin bayan kasuwar Nasarawa da hantsi ya san Mama Ladi mai gwate. Gajeriya ce mai faɗin kafaɗa, muryarta kuma tana riga ƙamshin tukunyarta isa bakin titi. Daga wani ƙauye na kudancin jiha aka kawo ta Kaduna tana amarya, zamanin da masaƙun Kakuri ke aiki dare da rana. Mijinta a masaƙa yake. Da aka rufe masaƙar ya zauna jiran haƙƙinsa har ya mutu yana jira, ita kuwa ta share hawaye ta ɗora tukunya. Da gwaten nan na tsakin masara da yakuwa da gauta ta reni ɗanta tilo, Nathan, har ya zama mutum, ya samu keke mai ƙafa uku yana ja, ya auro Gloria 'yar Binuwai, suka haifi Hadassah.

Gidan haya ɗaya suke zaune, ɗakin Mama Ladi yana kallon na ɗanta. Ɗakuna ne a jere kamar shagunan kasuwa, masai guda tak, rijiya kuma dab da shi. Da zarar damina ta kankama sai masan ya tumbatsa, abin da ke ciki ya biyo tsakar gida ya gangara kwata, yara kuwa a nan suke wasa ƙafa ba takalmi. Mama Ladi ta yi wa mai gidan tijara har muryarta ta dishe. Kullum amsarsa ɗaya ce, za a duba, sai ya toshe hanci ya shige motarsa. Yaran gidan kuwa duk nata ne. In ta dawo daga kasuwa, kowane yaro da kwanonsa yake tsaye a ƙofarta, kuma ba ta taɓa tambayar ɗan wa ne ba.

Hadassah tana shekara biyar ta fara lalacewa. Ciki ya yi tulu, hannuwa suka zama kamar tsinken tsire, gashi ya yi ja. Tana ci ba ta ƙoshi, in ido ya kauce ta ƙwaƙuli bango ta sa a baki. Wata safiya, Mama Ladi tana kasuwa, yarinyar ta yi amai, sai ga wata doguwar tsutsa tana motsi a ciki. Gloria ta kurma ihu, ta kwashe abin a leda, ta ruga wurin Ben mai kemis. Ya leƙa ledar ya ce, "Madam, ai macijin ciki ne wannan."

A nan aka yi ɓarnar. Duk wanda ya tashi da Hausa a bakinsa ya san macijin ciki suna ne kawai na doguwar tsutsa, ba ta da dafi, ba ta sara, ƙazanta ce ke kawo ta. Amma Hausar Gloria ta cinikin tumatir ce. Kalma ɗaya ta kama, maciji, sauran bayanin Ben kuwa a bayan ƙeyarta ya faɗi. Ba ta zame ko'ina ba sai wani gidan addu'a na kwanon rufi a Kamazou, wurin wani mai farar riga da ke kiran kansa Annabi Clinton.

Mutumin nan Hausa yake ji kamar jakin Kano, ya kuma san abin da ke cikin ledar sarai. Amma ya ja da baya, ya kaɗa ƙararrawa, ya rufe ido ya tambaya wa ke ba yarinyar abinci. Gloria ta ce kakarta. Bai kama suna ba, wayonsa ya wuce nan. Ya ce dai ya ga wata tsohuwa, jinin gidan, tana zuba abu a kwano. Ya sa doka: kada yarinya ta karɓi komai daga hannun tsohuwar, ta yi azumi kullum har rana ta raba, ta sha man zaitun, sauran macizan za su fito da kansu.

Da Mama Ladi ta dawo ta miƙa wa jikarta kwano, Gloria ta doke shi, gwate ya watse a ƙasa.

"Maman Hadassah, lafiyarki kuwa?"

"Mama, abeg, don Allah. Annabi ya gani komai. Kin sa mata maciji."

Sai da maganar ta zaga kan Mama Ladi kafin ta fahimta. "Ni? Ni da na yi mata wankan farko? Tsutsa ce, ke! Tsutsar ciki! Ga inda take fitowa can!" Ta nuna masai da ludayin da ke hannunta. Ta juya ga ɗanta, wanda ke tsaye a bakin ƙofa yana juya makullin keke. "Nathan, kai ma ka yi wannan tsutsar kana yaro, ni na wanke ka. Buɗe baki ka faɗa wa matarka."

Nathan ya dubi ƙasa. "Mama, ki yi haƙuri tukuna, a bi abin a hankali."

Kafin gari ya waye labari ya gama layin. Matan da Mama Ladi ta karɓi haihuwarsu suka janye yaransu daga ƙofarta. Masu cin gwate suka koma wurin mai shinkafa. Wata ma in ta hango ta sai ta fara waƙar coci da ƙarfi. Abin ya yi mata ciwo, ba ta ɓoye ba, amma ba shi ne ya hana ta sukuni ba. Abin da ke tafasa mata zuciya shi ne kukan Hadassah ta bango, kowace safiya, tana cewa yunwa. Yarinyar da tsutsa ke cinye rabin abincinta, ita aka ɗora wa azumi. Har ta kai ba ta iya gudu, in ta taka daga ɗaki zuwa rijiya sai ta tsuguna ta huta.

Mama Ladi ta tafi asibitin unguwa ta kwashe komai ta faɗa wa wata nas. Nas ɗin ta ce a kawo yarinyar. Mama Ladi ta ce ai ko inuwar yarinyar ba a barinta ta taka. Nas ta yi tsaki, ta ba ta ƙwaya ɗaya, ta ce a tauna a haɗiye, bayan wasu watanni a sake. Mama Ladi ta tare Nathan a bakin titi ta miƙa masa. Ya ƙi karɓa. Ya ce in Gloria ta ji daga hannun wa ta fito, gidan ba zai zaunu ba.

Ta koma ɗaki ta zauna da ƙwayar a tafin hannu, tana huci. Ta san abin da zai biyo baya. An ce tana ba yarinya abu a ɓoye cikin abinci, ƙarya ce. Yanzu kuma hanya ɗaya da ta rage mata ita ce ta ba yarinya abu a ɓoye cikin abinci. Haka suka mai da ita, su da annabinsu.

Ran Laraba Gloria ta shiga wanka, Hadassah na zaune a dakali. Mama Ladi ta yafito ta ta taga, ta miƙa mata ayaba da ƙwayar a tsakiya. "Tauna sosai, uwata." Yarinyar ta cinye har tana lasar ɓawon. Mama Ladi ta so ta ce kada ki faɗa wa kowa, amma ta haɗiye maganar. Ba ita za ta fara koya wa jikarta ƙarya ba.

Ba a jima ba tsutsotsin suka fito, dunƙule guda, har Gloria ta kira maƙwabta su gani. Ta yi ta tsalle tana yabon Allah da annabinta. Cikin murnar ne Hadassah, da ta fara samun bakin magana, ta ce, "Kaka ta ba ni ayaba da abu a ciki."

Aka buga wa Annabi Clinton waya, ya ce ai dama ya faɗa: wutar addu'a ce ta ƙona tsohuwar, ta janye kayanta da hannunta. Mama Ladi ta fito tsakiyarsu ta ce e, ita ta ba ta, maganin asibiti ne, kuma in da hali da ta ba kowane yaro a gidan, don dukansu cikinsu ɗaya. Wannan maganar ta ƙarshe ta ƙara hura wutar. Samari suka fara taruwa a ƙofar gida, wani har da gora. Sai da wani dattijon cocinsu ya zo ya tsaya a gabanta, aka yanke cewa ta koma wurin ƙanwarta a Rido har abin ya lafa.

Nathan ne ya ɗaure tukwanenta a bayan keke. Ta shiga ba ta yi wa kowa sallama ba. Ba a bari ta ga Hadassah ba, amma ta jiyo ta a ɗaki tana neman ƙarin tuwo. Suka bar Nasarawa, suka yi ta tafiya har suka fara hango matatar mai. A nan Nathan ya rage gudu, bai waiwayo ba, ya ce a hankali, "Mama, ƙwayar nan, mene ne sunanta? An ce sai an sake ba ta, ko?"

Mama Ladi ta daɗe tana kallon ƙeyarsa.

"Ashe ka sani."

"Mama..."

"Ka sani tun ranar farko. Ka tsaya kana wasa da makulli ana ce wa uwarka mayya."

Ta ɗaga hannu kamar za ta ɗauke shi da mari, sai ta sauke shi a kan cinyarta. Da Gloria ce ta yi wannan tambayar da ta yafe mata nan take, don ita ba ta sani ba.

"Tsaya a kemis ɗin can," ta ce. "A gabana za ka saya. Ban yarda da kai ba."

Ya tsaya. Ta sauko da kanta, ta wuce gaba, shi kuma ya biyo ta a baya.