Ƙashin Dodon Baba

Ranar wata kasuwar Bawku ce, a daminar 1988, Mma ta dawo gida da tukunyar kokonta cike fal, ko ludayi ɗaya ba a saya ba. Ta dire ta a tsakar gida, ta zauna ta yi tagumi. Ni da ƙanwata Safiya muna wasan ampe, na tsalle da tafi, a bakin rijiya, muka bari ba wanda ya ce mu bari.

Tsarabar Baba ce ta jawo mana. Fataucin shanu yake yi zuwa Nijar, ga shi da son abin mamaki kamar yaro. A wannan tafiyar wani Buzu ya ba shi gaɓar ƙashin baya guda ɗaya, mai girman akushi, mai nauyin dutse. Baba ya ce a Yamai ya ga irin dabbar, wata ƙatuwa ta zamanin da mai dogon wuya, an harhaɗa ƙasusuwanta an tsayar da ƙarafa. Maƙwabta suka taru kallo, cikin raha ya ce musu, "Ƙashin dodo ne." Shi dodon tatsuniya yake nufi. Amma a zangonmu, inda da yawa a kasuwa suka koyi Hausa, dodo abin tsafi ne da ake ba jini. Kafin mako ya zagayo, magana ta yi ƙafa: wai da ruwan wankin ƙashin Mma take dama koko. A makaranta ma ƙawayena suka daina sa hannu a kwanona.

Da tukunyar muke ci idan Baba ya yi tafiya, shi ya sa ranar da ta dawo cike Mma ta dube shi ta ce, "Malam, ko dodonka, ko tukunyata."

Bayan la'asar ya kira dattawan unguwa ƙofar gida. Na laɓe bayan Mma. Ya shafa ƙashin, ya ɗaga guduma, ya sauke. Ƙashin ya tsage biyu. Ba jini, ba laya, dutse ne har ciki.

Ciniki ya dawo, amma Baba bai ƙara kawo mana komai ba sai dabino.

Yanzu 'ya'yana a waya suke kallon waɗannan dabbobi masu dogon wuya, ko a jikinsu. Ni kuwa da na tsaya ƙarƙashin ƙasusuwan ɗaya a gidan tarihi, sai hawaye. Da Baba yana raye, da na kawo shi ya kalla ya more.