Ruwan Wanke Kwalba

Shekarun da na yi a garin Laurel, kusa da Washington, su ne shekarun da Amurkawa suka gano cewa giya ma abin taƙama ce. Duk wanda ya tara gemu ya sayi tukunyar ƙarfe, sai ya kori motarsa daga gareji ya fara dafa giya a ciki. Maƙwabcina yana cikinsu. Bature ne dogo mai sanyin hali, yana aiki a ɗaya daga cikin manyan ofisoshin gwamnati da ke unguwar Southwest a Washington. Ni kuwa ina ɗakin gwajin jini na wani asibiti a cikin birnin, don haka jirgin ƙasa ɗaya muke shiga da safe. Har yau ban san takamaiman aikin da yake yi wa gwamnati ba. Amma giya kam, kafin mu isa Washington ya gama karanta mini ita tun daga sha'ir har kumfa.

Duk Asabar abokansa sukan taru a garejin, kowa da gemunsa, kowa da kwalbar da ya dafo a gida. Ba sa shan giya kamar mutane. Sai an tsiyaya 'yar kaɗan a ƙaramin kofi, a ɗaga ta sama a duba launinta, a cusa hanci a shaƙa, a lumshe ido. Wannan ya ce yana jin ƙamshin lemun tsami, wancan ya ce a'a, itacen daji ne bayan ruwan sama. Ni da na kurɓa, abu ɗaya na ji, ɗaci. Akwai wani fure da suke kira hof, shi ke sa wa giya ɗaci, su kuma gasa suke yi a kan wa zai fi zuba shi. Wanda giyarsa ta fi murɗa maka baki shi ne gwanin ranar.

Ni nakan shigo da tawa daga kanti, laga fara tas mai sanyi, irin wadda kowa ya sani. Da sun hango ta sai dariya. Suka sa mata suna ruwan wanke kwalba. Ban taɓa fushi ba, amma ban taɓa ƙyale su ba. Nakan ce musu tasu giyar 'yar son a sani ce, in ta shigo wuri dole a bar kowace hira a yi tata. Tawa kuwa tana zama ne a gefe ta bar mutane su yi magana. Na kuma lura, ko da ba su faɗa ba, abin da ke damunsu da laga shi ne ita iyayensu maza ke sha a gaban talabijin, kuma ba ta ba mutum abin da zai ce har a gane shi masani ne. Ka sha, ƙishirwa ta tafi, ka ce madalla. Ina abin burgewa a nan?

Ni kuwa ba baƙon giya ba ne. A wani ƙauye kusa da Jos aka haife ni, kuma da burukutun Mama muka yi makaranta, ni da ƙanwata. Na tashi ina shanya tsiron dawa a kan dutse, ina kore kaji. A gidanmu ban taɓa ganin wanda ya shinshina ƙwarya ya lumshe ido ba. Ana zama ne a inuwa, ƙwarya tana zagayawa, a yi maganar gona da aure da rikicin iyaka har rana ta yi sanyi. Mama ta rasu kafin in cika shekara uku a Amurka, kuma ban samu zuwa jana'izarta ba.

Ƙanwata nas ce a Gaithersburg, wani gari da ba nisa da mu, takan zo wurina ranakun da ba ta da aiki. Ban ankara ba sai na ga maƙwabcina ya zama mutum mai yawan aro. Yau tsani, gobe guduma, jibi gishiri, kuma aron ba ya tashi sai motarta na ƙofar gida. Mutumin da garejinsa ya fi shagon kafinta kayan aiki! Da na yi mata tsiya sai ta ce, "Yaya, ka bar bawan Allah ya ari gishirinsa." Daga nan na san an wuce wurin.

Da maganar aure ta taso, Baba ne ya zama matsalar. Tun a waya ya ce shi bai ga dalilin da 'yarsa za ta tsallake duk samarin Filato ta ɗauko wanda ba a san gidansu ba. Ita kuma ta ce ba za ta je kotu a ɗaura mata aure a bayan idonsa ba. In bai yarda ba, ta haƙura. Na san ta, ba barazana take yi ba, kuma na ga yadda take ramewa. A danginmu yardar uba ba da baki ake ba da ita ba. Mai neman aure yakan kawo giya, a zuba wa uban yarinya. In ya shanye ƙwaryar, magana ta zauna. In ya kurɓa ya ajiye da saura, sai kowa ya tashi da mutuncinsa, ba wanda ya ce a'a, ba wanda aka ce wa a'a. Muka samar wa Baba biza, aka sa zuwansa cikin watannin zafi.

Da na yi wa maƙwabcina bayanin al'adar, sai fuskarsa ta washe. A ganinsa an kawo jarrabawa a darasin da ya fi iyawa. Ya ce zai dafa wa Baba giyar da bai taɓa shan irinta ba. Na ce abin da nake tsoro ke nan. Na ce masa tsohon nan bayan burukutu ba abin da ya sani sai laga mai sanyi, wadda yakan sha kwalba guda ranar albashi lokacin yana aikin kuza. In yana son ƙanwata, ya dafa ruwan wanke kwalba.

Ya ɗauka abin wasa ne. Ashe wadda suke rainawa ita ce mai wuyar sha'ani. Tasu mai ɗacin mako biyu ta nuna, kuma ko ta ɗan ɓaci, ɗacin ya rufe asiri. Laga kuwa sai ta kwanta cikin sanyi kusan wata biyu, kuma ba ta da inda za ta ɓoye laifi. Ya kwashe abincin firjinsa kaf ya kawo nawa, ya sa tulun giya a nasa. Ta farko ta fito tana warin dafaffiyar masara, muka zubar a bayan gida. Ya sake ɗora wata. A jirgi ya daina yi mini lacca, sai dai ya zauna shiru yana tunanin ko firjin ya yi sanyi da yawa. Wata safiya ya sauka a tashar farko ya koma gida don ya tuna bai duba ma'aunin zafi ba.

Ta biyun ta fito garau, kana hango yatsunka ta cikin kofi. Na sha na ce ta yi. Kuskuren da ya yi shi ne ba wa masu gemu su ɗanɗana. Suka ɗaga, suka shaƙa, suka dubi juna. Ɗaya ya ce ba laifi, tana da tsabta, amma ba komai a cikinta. Wani ya tambaye shi ko da wannan zai tarbi surukin da ya tsallako teku. Na ga jikinsa ya yi sanyi, amma ban zaci zai sauya shawara ba.

Ranar ta zo, Asabar da la'asar, zafi kamar ana gashi. Baba ya zauna a bayan gidana cikin babbar riga, ya ƙi cire hula. Turancinsa na ma'aikatar kuza ne, ba ya kama na Amurkawa, don haka ni ne tafinta. Ƙanwata ta tsaya a bakin ƙofar kicin, wai tana yanka albasa. Maƙwabcina ya shigo ya durƙusa kamar yadda na koya masa, ya yi gaisuwar da ya haddace, sannan ya fito da kwalba. Ina ganin launinta na gane ta. Mai ɗacin ce, wadda ya fi ji da ita.

Ya tsiyaya a ɗan ƙaramin kofinsu, ya miƙa da hannu biyu, ya fara bayani, ni kuma dole in fassara. Na ce, "Baba, ya ce akwai fure iri uku a ciki, da ɓawon lemo, da wani itace da aka jiƙa. Wai shi ya haɗa da hannunsa." Baba ya gyaɗa kai, ya shinshina, ya dubi ɗan kofin, ya gyara zama. Sai ya toshe hanci ya ɗaga kai ya juye ta gaba ɗaya. Ya runtse ido, ya girgiza, ya ce, "Kai! Wannan ya kai jiƙon maɗaci."

Ƙanwata ta saki wuƙa. Maƙwabcina ya dube ni yana murmushi, don ya ga kofi ba ko ɗigo. Baba ya goge baki ya ce, "Ka ce masa na gode, yana da hankali. Da ma tun da na sauka daga jirgi cikina bai saki ba. To, an sha magani. Ina giyar?"

Na rasa inda zan sa kaina, dariya na cina, tsoro na cina. Na fassara wa maƙwabcina kamar yadda aka faɗa, ban rage komai ba. Kunnuwansa suka yi ja. Ya ce akwai wata, amma ba komai a cikinta. Na ce ya tashi ya ɗauko kafin in ɗauko da kaina.

Ya dawo da ita tana raɓa. Na ture ɗan kofin gefe na kawo babban tambulan, muka cika wa Baba. Ya kurɓa ya ajiye. Can sai ya sake ɗauka, ya tambayi ina iyayen yaron suke, me suke nomawa a garinsu. Ya kurɓa, ya tambaya ko gidan nasa ne ko haya. Ya cire hula ya ɗora a gwiwa. Ya ba da labarin ramin kuza da ya taɓa rufta musu, labarin da ni ɗansa ban taɓa ji ba. Sannan ya tambayi kwana nawa giyar ta yi. Da aka ce masa wajen wata biyu, kuma ta farko zubar da ita aka yi, sai ya daɗe yana kallon maƙwabcina. Ya ce Mama ma in tukunya ta ɓaci zubarwa take yi, ko da kuwa a ranar ba ko kwabo a gidan.

Saura kurɓi ɗaya a tambulan. Baba ya riƙe shi yana jujjuyawa, ni kuwa wallahi ban taɓa jin tsoron kurɓin giya kamar na ranar ba. Ya ce mini, "Wannan kar ka fassara." Ya juya wajen ƙofar kicin ya kira ƙanwata. Ta zo ta durƙusa, idonta ya cika, ba kuma albasa ba ce.

Ya ce, "Da uwarki na nan, da ta ce bai iya ba, ya yi gaggawar saukewa. Kin san ta, ba ta taɓa yabon tukunyar wani ba." Ya dubi tambulan. "Amma da ta shanye."

Ya ɗaga tambulan ya shanye, nasa da nata.