Kwamfutar da Ta Cinye San Huɗarmu

Haɗa bidiyon biki da suna ne sana'ata a Gazawa. Tsohuwar kwamfutata sai ta wuni ta kwana tana nishi a kan aiki guda, har masu biki suka fara kai nasu Maraɗi. Na dami Baba da naci har ya ja san huɗarmu zuwa kasuwar Gangara ya sayar. Da kuɗin na sayo babbar kwamfuta irin ta masu haɗa fim, nauyinta kamar buhun gero. Na rantse masa kafin ruwan fari zan mayar da sa a turke.

"To," in ji shi. "Ka dai san gonar nan ba za ta nome kanta ba."

Na ajiye ta a ɗakin zaure, na kafa doka: kada wanda ya taɓa. Ana cikin zafin bazara sai ga wani alhaji mai sayar da hatsi a Gidan Rumji ya aurar da 'ya'yansa, ya ba ni aikin. Ladan aikin nan kaɗai zai sayi sa.

Nan fa tashin hankali ya soma. In na gama yanke-yanke, sai in bar ta tana fitar da bidiyon, in hau babur in tafi sallar Azahar da sauran hidima. In dawo in tarar ta mutu murus, jikinta zafi rau, aikin ya lalace. Kuran, wato wutar lantarki, bai ɗauke ba. Na kira wanda ya sayar mini, ya ce lafiyarta lau. Lafiyar me, bawan Allah? Alhaji yana ta aike, ga hadari ya fara haɗowa ta gabas. Da na wuce ta gaban turken nan sai in kau da kai. Wallahi tsoro nake ji, ko gaishe da Baba ba na iya yi ido da ido.

Rannan babur ya yi faci, na dawo a ƙafa. Ina shiga zaure na ga kwamfuta lulluɓe da gwadon auren Inna, mahaifiyata, an ma soke gefe da gefe kada iska ta shiga. Fankarta tana ihu a ciki. Na fizge gwadon.

"Inna! Ke ce? Kashe ta za ki yi!"

Ta fito daga ciki da ludayi a hannu. "Kai tafi can! Da ka fita matan unguwa ke cika zauren nan, kowa na faɗin kyanta da tsadarta. Bakin mutane fa? Dukiyar gidan nan kaf tana ciki, in bar ta a buɗe?"

Ashe kullum haka take yi, in ta ji ƙarar babur ɗina sai ta yaye don kada in yi faɗa. Na nuna mata ramukan da injin ke shan iska, muka shirya a kan za ta riƙa rufe ƙofar zauren.

Washegari bidiyo ya fita tas kafin La'asar. Kwamfutar ba ta da laifi, har yau tana aiki kamar aljana. Amma kafin in kai Gidan Rumji in dawo, ruwa ya sauka, kowa na neman san huɗa, farashi ya tashi. Abin da ke hannuna maraƙi kawai ya iya saya, wanda bai san garma ba.

Baba ya zagaya maraƙin, ya shafa bayansa. Da safe ya saɓa fartanya, na bi shi da tawa. Samari kan zo su tambaye ni ko irin wannan kwamfuta ta ci kuɗinta. Nakan ce ta ci. Amma tun daga daminar nan Baba bai sake miƙewa sosai ba, a zaune yake sallah.