Kurmin da Malam Yusha'u Ya Bari

Yau Talata, sha bakwai ga Afrilu, 1973. Ƙirjina bai sake ni ba, ƙafafuna sun kumbura, kunun safe yana nan a kwano ban taɓa ba.

Ranar Juma'ar da ta wuce Allah Ya karɓi ran Malam Yusha'u, tsohon malamin firamare a nan Birnin Gwari, abokina tun muna elementare. Daga Allah muke, gare Shi za mu koma. Ban iya raka shi makwancinsa ba. Ina kwance na ji wucewar jama'a.

Yusha'u, kai kaɗai ka rage mai leƙo zaurena. Na tuna yadda kake fitar da 'yan ajinka da tsakar rana ba takalmi, su taka fako har su yi tsalle, sannan ka shigar da su ƙarƙashin itatuwa. Iyaye suka yi ta ƙorafi, ba ka daina ba. Ka koya musu cewa iska da hadari da hatsin rumbu duk daga hasken rana suke samun ƙarfi. Gajimare ya mayar da wani kaso sama, ƙasa ta sha saura ta yi zafi, sannan a hankali ta fitar da shi. Idan abin da ya shiga ya fi wanda ya fita, ƙasa ta yi zazzaɓi ke nan.

Da ciwon nan ya kama ni, ka zo da bokitin farar ƙasa, da tsufanka ka hau tsani ka shafe kwanon ɗakina. Maƙwabta suka ce Malam zai yi wa rufi kwalliyar amarya. Ka leƙo ka ce, "Baƙi riƙe zafi yake, fari mayarwa. Duniya ma numfashi take kamar kai, Abubakar. Ta shaƙa, ta fitar." Ranar na yi barcin rana.

Saboda wannan ilimi ka hana a sare kurmin da ka gada a Dogon Dawa. Ka ce ganye yana kashe zafin rana wajen ɗaga ruwa sama, fako kuwa iska kawai yake gasawa. Aka kira ka mai taurin kai. Bara damina ta yanke tun gero bai yi ido ba, rijiyoyi suka ƙafe, rafin kurminka kaɗai ya riƙe laima. Yanzu masu katako suna zarya a gidanka neman a sayar musu da kurmin, ɗanka Ladan kuma ga iyali, ga rumbu wayam. Da wane baki zan ce ya bar itace ya tsaya, yara su kwanta da yunwa? Ya aiko cewa zai zo yau bayan azahar ya ji ta bakina kafin ya yanke shawara. Ni ba ni da irin bayaninka, numfashin ma bai ishe ni ba.

Allah Ya jiƙanka, Ya sanyaya kabarinka, Ya sa ka a inuwarSa ranar da rana za ta kusanto kawuna. Ya ba mai ɗakinka Huseina da Ladan da sauran zuriya haƙuri. Mu da muka rage, Ya sa mu cika da kyau.

An kira magariba. Na sa an shimfiɗa tabarma tun hantsi, har yanzu ba wanda ya zauna a kai. Mai kawo mini ruwa ya ce ya ga motar katako ta bi hanyar Dogon Dawa. Ladan bai zo ba.